Girkin fadar Sarki Richard na biyu a tukunyar yau

Yau na gwada dafa "blank maunger", wato "farin abinci", abincin Ingila na wajajen 1390, daga kundin Forme of Cury da masu dafa wa Sarki Richard na biyu suka bari. Kundin bai faɗi awo ba, bai faɗi minti ba. Shinkafa ce da tsokar dandaƙaƙƙen zakara da madarar almon, sai sukari da gishiri. Madarar haɗa ta ake yi: a niƙa almon kofi ɗaya, a zuba romon kaza mai zafi kofi biyu, a bari ya jiƙa, a tace. Shinkafar sai ta dahu ta fashe tukuna ake zuba madarar da naman da aka yayyaga siriri, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa. Wutar ta ɗan yi yawa, gindin tukunya ya kama, farin da ya ba abincin sunansa ya dusashe.

Ina kankare tukunyar sai Constance Hieatt ta faɗo mini a rai. Malamar adabin tsohon Turanci ce da ta koyar a Kanada, ta rasu a 2011. Ita da Sharon Butler suka bi tsofaffin kundayen girki na rubutun hannu irin wannan, suna gwada wannan da wancan, suna gano inda magatakarda ya kwafi kalma ba daidai ba, har suka fitar da littafinsu Curye on Inglysch a 1985. Kuma ba ta tsaya a takarda ba, dafawa take yi ta gani. Shi ma Chaucer, marubucin waƙoƙin Ingila na wancan zamanin, ya yabi wani kuku a cikin littafinsa Canterbury Tales kan wannan abincin, bayan ya ambaci gyambon da ke ƙafarsa. Ko tukunya nawa ta kama wa Hieatt kafin ta samu awon da ya yi daidai?