Abin da zaren rama ya koya mini a bayan baka

Baka idan aka ja shi, aiki biyu yake yi a lokaci guda. Bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi. Cikinsa kuwa, gefen da ke kallon maharbi, matsewa yake yi. Karyewar baka galibi daga baya take farawa: wani ɗan sili ya ɗago a inda zarto ya yanke layin itacen, a ja na gaba sai ka ji ƙas. Maƙeran baka na Ingila sun yi dace da itacen da suke kira yew, domin farin ɓangarensa na waje yana jure miƙewa, jan ɓangaren ciki yana jure matsi. Haka aka sassaƙa bakunan da aka tsamo daga jirgin ruwan Mary Rose wanda ya nutse a 1545. Mu da muke sayen katakon da injin ya riga ya yanka, ba mu da wannan gatan, shi ya sa na koma ga manna zare a bayan baka.

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sukan yi amfani da zaren lilin. Ni rama ce a kusa da ni, ita ma daga ɓawon kara ake samun zarenta, bayan an jiƙa ta a ruwa ta ruɓe an wanke. Abin da na fara ganewa shi ne igiyar da aka riga aka tufka ba ta da amfani a nan. Zaren ake so a warware, a taje shi ya kwanta sambal, a shimfiɗa shi bisa tsawon baka daga wannan kai zuwa wancan. Duk silin da ya gitta, nauyi kawai ya ƙara. Inda wani damin zare ya ƙare, sai a sa na gaba ya hau kansa, kada gaɓoɓin su taru wuri guda.

Darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna mini shi ne na yawa. Hankali yana ba mutum cewa in zare kaɗan ya kare baka, mai yawa zai fi karewa. Ba haka ba ne. Jijiyar dabba, wadda mutanen asali na Amurka da maharban Asiya suke mannawa, tana miƙewa sosai ta dawo, kuma idan tana bushewa takan tsuke har ta lanƙwasa bakan baya. Zaren tsiro ba ya da wannan halin. Da ƙyar yake miƙewa. To idan bayan ya ƙi miƙewa, ina wahalar za ta tafi? Cikin bakan. Sai ka ga wasu siraran layuka sun gitta cikin, alamar itacen ya murƙushe, bakan ya zauna a lanƙwashe ko an cire tsirkiya, kibiya kuma ta rasa gudu. Bakan bai karye ba, amma ya mutu. Shimfiɗa ɗaya siririya, wadda kana iya hango launin itacen ta cikinta, ta isa ta danne silin da ke neman ɗagowa. Idan itacen mai taushi ne, sai a ƙara rage zaren, a kuma faɗaɗa bakan.

Gam ma da nasa. Wanda ake dafawa daga ƙiraga yana kamawa da kyau, amma danshin damina yana sassauta shi, dole a rufe shi da kakin zuma ko wani abin da ke hana ruwa shiga. Gam ɗin kafintoci ya fi sauƙin aiki. Kowanne aka zaɓa, a goge maiƙo daga jikin itacen, a fara shafa masa gam ya sha, a tsoma zaren a matse shi da yatsu. Gam da ya yi yawa nauyi ne, musamman a kawunan baka, inda nauyi ke cinye gudun kibiya. Da hunturu saman yakan bushe cikin sa'o'i ya yaudari mai gaggawa, alhali ƙasan da itacen suna riƙe da ruwa. Nakan jingine shi a inuwa har sai nauyinsa ya daina raguwa.

Bayan ya bushe, bakan ya ƙara tauri, kuma ba lallai hannuwansa biyu su ƙara daidai ba. Sai a koma kankara daga ciki, kaɗan-kaɗan, ana ja ana dubawa, har lanƙwasar ta bazu ko'ina. Bayan kuwa wuƙa ba ta sake taɓa shi.