Godiya bayan jinyar yaronmu a Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki na Tawa da Yamai, da duk inda wannan saƙo ya iske ku.

Alhamdu lillahi, mun dawo gida. Wurin da aka yi wa yaron aikin yanke ƙafa ya kame, ya fara takawa da sanduna a tsakar gida, abinci ma yana shiga. Da yawanku kun kira ba mu samu ɗauka ba, wasu kun zo kun tarar da ƙofa a rufe. Allah ya ba da ladan zumunci.

Ga waɗanda labarin bai kai musu daidai ba: ɗanmu ne na fari, shekararsa 13. Kumburi ya fito masa a saman gwiwar hagu, kowa ya ce targaɗen ƙwallo ne, sai ga zafi yana tashinsa cikin dare. Hoton da aka ɗauka a nan Tawa ne ya sa likita ya ba mu takarda zuwa Yamai. Can aka ɗebi ɗan naman wurin aka auna, aka ce ciwon dajin ƙashi ne. An bayyana mana cewa irinsa ya fi kama yara masu tasowa lokacin da ƙashi ke saurin tsawo, ya fi fitowa kusa da gwiwa, kuma in zai yaɗu huhu yake fara nufa. Shi ya sa aka sa shi a sikana aka duba ƙirji, Allah ya sa huhu lafiya lau. Aka fara da ƙarin ruwan magani da ake ce wa shimiyo. Daga baya maganar yanke ƙafa ta taso, don ƙarin da ya fito a ƙashin ya riga ya naɗe jijiyoyin bayan gwiwa.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitar da ta riƙe jinyarsa. Ranar da za a yi wannan magana ni kaɗai na shiga ofis, yadda muka saba, uba ya ji ya fito ya ce wa iyali sai addu'a. Ta dube ni ta ce, "Malam, ina mahaifiyarsa? Shi mai ƙafar kuma yana ina?" Na ce yaro ne, kada a firgita shi. Ta ce, "Ai ya riga ya firgita. Yana ganin kuna yin shiru in kun iso bakin gado, yana jin ana raɗa a bakin ƙofa. Abin da yake saƙawa shi kaɗai cikin dare ya fi gaskiyar nauyi."

Ba ta tsallake mu ba. Sai da ta zaunar da mu ni da uwarsa, muka daidaita abin da za a faɗa da yadda za a faɗe shi, sannan muka tafi wurinsa tare. Ta jawo kujera ta zauna har kanta ya yi daidai da nasa, ta yi masa magana da Hausa, babu faransancin da ake yi a kan marar lafiya kamar ba ya wurin. Tambaya ta fara yi: "Me ka gane game da ciwonka?" Ya ce, "Na san ba targaɗe ba ne. Na ji an ce za a yanke." Ashe ya daɗe da sani, yana ɓoye mana don kada mu damu.

Ta ɗauki takarda ta zana masa ƙashin cinya, ta nuna inda ƙarin yake da inda wuƙa za ta bi. Ya ce, "In an yanke zan warke?" Ta ce, "Ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. In an bar ta, ciwon zai hau huhu. In an cire aka ci gaba da magani, muna da kyakkyawan fata." Ta kuma faɗa masa ƙarara cewa sa hannu na Baba ne tunda shi bai kai shekaru ba, kuma jinkiri mai tsawo ba ya cikin zaɓi, amma ba za a ɗauke shi a kai ɗakin aiki yana cikin duhu ba. Ta ba shi lokaci ya yi tunani, ta ce duk tambayar da ta zo masa ya riƙe mata.

Tambayar da ya riƙe babu wanda ya zo da ita a cikinmu manya. Ya ce, "Baba, ƙafar ina za a kai ta?" Abin da ke hana shi barci ke nan, kada a jefa ta cikin shara. Na kira limamin unguwarmu a waya, ya ce a naɗe ta a ƙyalle mai tsabta a binne, ya kuma yi wa yaron magana da kansa ya kwantar masa da hankali. Kawunsa ne ya karɓo ta ranar aikin ya kai maƙabarta. Malam Liman, Kawu, Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Wani abu da likitar ta yi ya taimake mu ƙwarai. Tun kafin aiki ta gaya masa zai riƙa jin ƙafar kamar tana nan, har da ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da babu su, don jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa mantawa nan da nan. Da abin ya zo masa cikin dare, bai yi ihu ba, ya ce, "Wannan ne ta faɗa." Ku duba da ba a gaya masa ba, da mu duka mun ce iskoki ne.

Mahaifiyarsa kuwa, kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Amma ita ke kwana a tabarma gefen gado, ita ta san lokacin da amai ke taso masa da abin da cikinsa ke karɓa. Ma'aikatan jinya suka riƙa tambayarta kai tsaye, kuma da ta ce maganin amai ya fi yi masa aiki in an ba shi da wuri kafin a ɗaura ruwa, suka kai maganar gaba aka gyara lokacin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manjo, shugaban ma'aikatan jinya, da duk masu kwanan aiki, mun gode, har da wanda kullum yake tambayarsa wane hannu yake so a sa allura.

A cikin dangi akwai waɗanda suka ce a dawo da shi gida a gwada mai ɗori da na gargajiya. Ƙauna ce ta sa su, ba mu riƙe kowa a rai ba. Yaron ne ya roƙi a ba shi waya ya kira kakarsa, ya ce, "Kaka, an yi mini bayani, na yarda." Ta yi kuka ta sa albarka, maganar ta mutu daga nan.

Mushensa na lakwal, wato malaminsa na makaranta, da ya zo dubiya, ya ce mini wannan ba alfarma ba ce: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 12 a saurari yaro a kan duk abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ni dai abin da na gani shi ne yaron da aka yi shawara da shi ba a danne shi kafin ya sha magani.

Samarin fadar unguwarmu da ke Yamai, ku kuka je cibiyar ƙarin jini kuka miƙa hannu lokacin da shimiyo ya shanye masa jini. Ɗan uwanmu na unguwar Bukoki a Yamai da iyalinsa, kun ba mu ɗaki kuna kai mana fura da tuwo asibiti ba gajiya. Abokan kasuwa da kuka haɗa kuɗi, kun san kyautar magani da gwamnati ta kawo a 2006 ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, namu ya wuce nan, kuma hanyar Tawa zuwa Yamai ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso ta fi kilomita 500. Allah ya mayar muku da ninki.

Iyayen da muka zauna ɗaki ɗaya, wasunku kun koma gida babu ɗanku. Ba na mantawa da ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma zuwa a makare yana cikin manyan dalilai. Kumburin da ya ƙi saɓewa, da zafin ƙashi mai tashin yaro cikin dare, don Allah a kai a ɗauki hoto.

Jinya ba ta ƙare ba. Akwai sauran shimiyo, sannan in dungun ya gama warkewa za a auna masa ƙafar roba. Mai son zuwa dubiya bismillah, bayan la'asar ya fi, a wanke hannu, mai mura ko tari ya yi haƙuri ya kira ta waya, don jininsa bai gama ƙarfi ba. In kun zo ku tambaye shi jikinsa da kansa, shi ya roƙi in rubuta wannan. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.