Wata uku ina koyon magana a cikin waƙa

A shekarata ta huɗu a Bolonya, birnin Italiya, na shiga ajin waƙa na yamma, bayan tashi daga aiki. Ariya ce ta ja ni, wato wurin da mawaƙin opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, yake tsayawa ya saki murya, makaɗa na biye da shi, ya riƙe kalma ɗaya har numfashi ya kusa ƙarewa. Malamarmu, wata dattijuwa da ta daɗe a kan dandamali, ta ba ni in fito a matsayin Figaro, baran wani mai sarauta, a "Auren Figaro", wasan Mozart da aka fara nunawa a Biyana a 1786. Cikin mako biyu na haddace ariyarsa ta farko.

Ranar gwaji ko saurarenta ba ta yi ba. Ta juya shafi baya, ta ɗora yatsa kan layukan da suka gabaci waƙar, ta ce, "Daga nan za mu fara." Resitatibo ke nan, inda 'yan wasa suke hira da gardama bisa sauti rubutacce, amma da saurin maganar yau da kullum. A irin wanda Italiyawa ke kira busasshe, makaɗa duk sukan yi shiru, sai cembalo, mai kama da fiyano, da ke jefa sauti nan da can don kada ka ɓace. Ni kuwa na rera shi kamar ariya, kowace gaɓa da tsawonta daidai, ina ƙirga bugu a zuci. Ta tsayar da ni. "Yanzu amaryarka Susanna ta gaya maka maigidanku yana nemanta, kuma yau ne aurenku. Wa zai ji wannan ya tsaya ƙirge?"

Wata guda ta hana ni rerawa. Sai dai in karanta kalmomin da baki, in yi fushi, in yi shiru inda mai fushi zai yi shiru. A nan Hausa ta yi mini rana. Italiyanci yana bambanta fato da fatto, caro da carro, kuma harshen da ya saba danna baƙi biyu a "sannu" da "kulle" ba ya shan wahalar wannan. Abin da ya ba ni wuya shi ne nauyin kalma, wanda yawanci yake faɗawa kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Mu da hawa da saukar murya muka saba.

Daga baya ta ba mu labarin mutanen birnin Firenze na Italiya da suka ƙirƙiro salon resitatibo wajen 1600, suna neman waƙar da ba za ta haɗiye ma'anar kalma ba. Sai na fahimci rabon aikin. Yawancin abin da ke faruwa a labarin, ƙarya da makirci da tonon asiri, a resitatibo yake faruwa. Ariya tana zuwa ne bayan an gama, lokaci ya tsaya, mutum ya zauna da abin da ke ransa.

A wata na uku ta bar ni na haɗa su. Na faɗi maganar Figaro da haƙora a cije, cembalo ya yi shiru, masu goge suka fara kaɗa tsirkiya da yatsu a bugun rawa mai uku-uku. Waƙar da na haddace tun farko na rera, amma a ranar na fara jin barazanar da ke cikinta.