Koyon Holanci: inda aka kwana kafin shiga matakin A2

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Matakin A1, wato matakin farko na koyon harshen, ya zo ƙarshe, kuma shawarata ita ce ku riƙe littafi ɗaya mai sauti, ku daina tara manhajoji a waya. Nederlands in gang ya wadatar, domin yana kai mutum har A2, kuma kowane babi da hira yake farawa. Ku saurari hirar sau biyu littafi a rufe, sannan ku buɗe ku bi ta da baki. Duolingo ba laifi don ɗumama kai, amma bayanin nahawunsa bai taka kara ya karya ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne de da het, kalmomin da ake sawa kafin suna, kamar "the" a Turanci. Kada ku ɗauka namiji da mace ne irin na Hausa: meisje yarinya ce, amma het take ɗauka, saboda duk kalmar da aka ƙanƙanta da -je het ce. Jam'i kuwa duk de ne. Sauran sai hadda, don haka kada ku saka suna shi kaɗai a Anki, manhajar haddar kalmomi. Ku rubuta het huis, de stad, in kuna shakka ku duba woordenlijst.org. Wanda ya yi sakaci a nan zai gani a sifa, domin ana cewa een groot huis amma een grote stad. Sababbin kalmomi 10 a rana sun isa. In suka kai 30, bita ce za ta taru ta danne ku.

Sai jerin kalmomi. Bayan omdat aikatau yana komawa ƙarshen jimla: omdat ik ziek ben. Bayan want yana nan inda yake: want ik ben ziek. Ma'anarsu kusan ɗaya, wato "saboda", shi ya sa ake cakuɗa su. Ku rubuta jimla biyar da kowanne, ku karanta da ƙarfi.

Kunnen Bahaushe ya saba da dogon wasali da gajere, saboda haka man da maan ba za su wahalar da ku sosai ba. Aikin yana ga ui da eu da g ta maƙogwaro. Ku riƙa kallon NOS Jeugdjournaal, labaran yara, ko da rabi kawai kuke tsinta. Jaridar Wablieft tana da sauƙin karatu, sai dai ta Beljiyam ce, wasu kalmominta sun bambanta da na Holan.

Abin da ke gaba shi ne shuɗaɗɗen lokaci: me ya sa werkte da -te, woonde kuma da -de.