Abin da ƙarshen wasan giwa ya koya mini game da lambar injin ces

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, kuma aikina ya sa na saba da yarda da lamba fiye da yarda da bakin mutum. Da wannan hali na shiga wasan ces, wanda na koya a hannun wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ke zaune a Birni, inda muke haɗuwa bayan la'asar a gindin bedi, masu dara suna gefe guda, mai shayi yana fifita gawayi. Ɗan wasan nan da ke tafiya a karkace, wanda Faransawa ke kira fu, mu giwa muke ce masa, bisa sunan da Larabawa suka ba shi, wato alfil. Kowace giwa tana rayuwa ne a kan launi ɗaya tak: wadda ta fara a farin gida ba za ta taɓa taka baƙi ba har wasa ya ƙare, don haka gidaje 32 cikin 64 na allon sun haramta gare ta. Na san wannan tun ranar farko, amma sai da ya ci mini wasa sannan na fahimce shi.

Ranar da abin ya faru ina riƙe da farare, kuma na riga na cinye wa Malam ɗa guda babba, ya rage ina da sarki da giwar farin gida da dakaru, wato ƙananan 'ya'yan wasan, shi kuwa sarki da dakaru kawai. Na ga nasara a fili, sai na shiga musayar dakaru ɗaya bayan ɗaya, ina ganin duk abin da ya rage cunkoso a allo alheri ne gare ni. A ƙarshe dakare ɗaya ya rage mini, na layin h, can bakin allo (layukan allo ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, gidajen kowane layi kuma da lamba daga 1 zuwa 8). Malam ya ja sarkinsa ya kai shi kusurwa, gidan h8, ya ɗaga kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, giwarka ba ta san hanyar gidan nan ba." Gidan h8 baƙi ne, giwata kuwa ta fari ce, saboda haka ba ni da abin da zan kori sarkinsa da shi daga wurin da dakarena zai zama sarauniya, kamar yadda doka ta ba dakaren da ya kai ƙarshen allo. Idan na matsa masa har ya rasa inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba, doka ta ce canjaras ne. Haka muka tashi.

Da dare na shigar da wasan cikin waya don injin ces, wato manhajar da ke nazarin wasa, ya duba. Injin da yawancin masu wasa ke amfani da shi shi ne Stockfish, wanda kyauta ne, aka fara fitar da shi a 2008, kuma tun daga fitowa ta 12 a shekarar 2020 yake auna matsayi da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka horar a kan ɗimbin matsayai. Lambar da yake nunawa asalinta ma'aunin dakare ce, +1.00 tamkar farare sun fi da dakare ɗaya, amma daga ƙarshen 2022 aka daidaita ta yadda +1.00 ke nufin rabi da rabi ne farare su ci idan injin yana wasa da kansa. Wannan bambanci yana da nauyi, domin lambar tana magana ne a kan abin da inji zai yi da matsayin, ba abin da ni zan iya yi ba da kan da ya gaji bayan darasi shida.

Injin ya sa alamar babban kuskure a taku ɗaya kawai, inda na tura dakaren layin g ya haɗu da nasa aka yi musaya, lambar ta faɗo daga sama zuwa 0.00, wato babu wanda ya fi wani. Da na tsaya nan, da na rubuta cewa kuskure ɗaya na yi. Amma da na koma baya a hankali sai na ga musaya uku da na yi a ɗaya ɓangaren allon, inda nake da dakarun da babu kusurwar da za ta tsare su, kuma injin bai ce uffan a kansu ba, domin bayan kowace ɗaya nasara tana nan. Gaskiya ya faɗa, sai dai kowace musaya ta ƙuntata mini hanya, har ta koma siririya kamar turbar gona, wadda taku ɗaya a karkace ya isa ya fitar da mutum. Tsohuwar ƙa'ida ita ce wanda yake gaba ya yi musayar manyan 'ya'ya, ya riƙe dakarunsa, wanda yake baya kuwa ya nemi musayar dakaru. Ni na yi wa Malam aikinsa da hannuna, kuma wurin da lambar ta faɗi shi ne inda rashin fahimtar ya bayyana, ba inda ya fara ba.

Darasi na biyu ya zo ta ɗaya fuskar, wato inda lambar ke alkawarta abin da babu shi. Idan giwata ta farin gida ce ta abokin wasa kuma ta baƙi, to ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma mai tsaro yana iya dasa sarkinsa da giwarsa a kan launin da tawa ba ta isa, ya gina ganuwa kamar ta Birni a zamaninta. A irin wannan matsayi fifikon dakare ɗaya yawanci canjaras ne, na biyu ma sau da yawa bai wadatar ba, musamman idan layi ɗaya ne kawai tsakaninsu. Sai sun yi nisa da juna har sarki da giwa sun kasa tsare su tare ake samun ci. Na taɓa yin irin wannan wasa na tashi da baƙin ciki, domin wayata ta nuna ina gaba da kusan maki biyu. Da na bar injin ya zurfafa lissafi sai na lura lambar ba ta motsi: yana jujjuya giwa daga nan zuwa can, babu dakaren da ya ci gaba, lambar tana tsaye wuri ɗaya. Nasara ta gaskiya lambarta hawa take yi yayin da lissafi ke zurfafa. Wadda ta daskare kuwa alama ce ta ganuwa, kuma dokar da ta ce canjaras ne idan aka yi taku hamsin ba tare da cin ɗa ko motsin dakare ba tana jira a ƙarshe.

Akwai wurin da shakka ta ƙare gaba ɗaya. Idan 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce bakwai ba, har da sarakuna biyu, an riga an lissafa kowane matsayi har ƙarshensa a cikin rumbunan bayanai, irin na Syzygy da Ronald de Man ya fitar a 2013, aka faɗaɗa shi zuwa 'ya'ya bakwai a 2018. Can babu kimantawa, ci ne ko faɗuwa ko canjaras. A matsayina na mai koyar da lissafi wannan ya burge ni ƙwarai, domin shi ne bambancin da nake nanata wa ɗalibai tsakanin ƙiyasi da hujja.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne manya ma giwa ta ba su wahala. A wasan farko na gasar duniya ta 1972 a Reykjavik, Bobby Fischer ya ci dakaren h2 da giwarsa a taku na 29, Boris Spassky ya tura dakare zuwa g3 ya rufe mata hanya, Fischer ya rasa wasan, ko da yake masu nazari daga baya sun nuna cewa canjaras bai kuɓuce masa nan take ba. Shi kuwa Alexei Shirov, a wasansa da Veselin Topalov a Linares a 1998, giwaye masu launi daban-daban, ya ajiye giwarsa a h3 a taku na 47 inda za a cinye ta a banza, don kawai sarkinsa ya sami lokacin shiga tsakiya ya raka dakarunsa. Wanda ke ƙidayar 'ya'ya ba zai ga wannan taku ba. Sai wanda ya gane cewa a matsayin nan lokaci ya fi giwa daraja.

Yanzu ba na buɗe injin sai na gama nawa aikin. Ina da littafi mai bangon shuɗi, irin wanda ɗalibai ke saya a kasuwar Dole, kuma bayan kowane wasa nakan rubuta abin da nake tunani a wuraren da na yi jinkiri, da launin gidan da kowane dakare zai zama sarauniya, da launin da dakaruna suka tsaya a kai. Idan giwayen launi ɗaya ne ina son dakaruna a kan launin da giwata ba ta bi, don kada su toshe mata hanya. Idan kuwa ina tsaro da giwaye masu launi daban-daban, sai in sa su a kan launinta don ta kare su. Bayan haka ne nake duba lamba, kuma duk inda muka saɓa nakan juya allo in karɓi ɓangaren injin in buga matsayin da shi har in ga dalilin da idona.

Makon jiya na jera wa yara huɗu da ke zama bayan an tashi daga makaranta matsayin nan na kusurwa, na ba wata yarinya 'yar aji uku sarki shi kaɗai, ni kuma na riƙe giwa da dakare. Ta duba allon jim kaɗan, ta sa yatsa a kan h8, ta ce, "Malam, wannan baƙi ne, taka kuwa fara ce," sannan ta ja sarkinta zuwa can ta naɗe hannu.