Ranar da na ga Monica Puig ta ɗauki zinare a Rio

Ƙwallon ƙafa ce ta kai mu Burazil a watan Agusta na 2016, ni da wani yayana, mun je ne don mu ga yaran Siasia, kocin Najeriya, a gasar Olamfik. Mun tashi daga Legas muka sauka Sao Paulo, daga nan muka shiga motar dare, wajen awa shida kafin mu iso Rio gari na wayewa. Lokacin sanyinsu ne, amma sanyin bai kai na hunturun Kano ba ko kusa. Abinci kuwa shinkafa da wake ne ko'ina, sai dai ka tambaya da kyau don suna yawan dafa waken da naman alade.

Ranar Asabar 13 ga wata Najeriya za ta buga da Denmark a Salvador, gari mai nisa, kuɗin jirgi kuma ya fi ƙarfin aljihunmu. Yaya ya ce min, ƙanina tunda mun zo kar mu zauna a ɗaki, mu je mu kalli tanis. Ni dai a da sai a talabijin nake ganin wasan. Muka hau sabon jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Barra, muka ƙarasa da doguwar bas har filin.

Wasan ƙarshe na mata ne. Angelique Kerber ta Jamus, ta biyu a duniya, wadda ta ci gasar Ostiraliya a farkon shekarar, za ta kara da Monica Puig 'yar Puerto Rico mai shekara 22, ta 34 a duniya. Kofi ɗaya tak yarinyar take da shi a manyan gasannin mata, na Strasbourg a 2014. Amma a wannan makon ta fitar da Muguruza da ci 6-1 6-1, ita da ta ci gasar Faransa wata biyu kafin nan, sannan ta fitar da Kvitova mai kofin Wimbledon biyu, to ka ga ba da sa'a ta iso ba, ni dai abin da nake faɗa wa kowa kenan har yau.

Kusa da ni wani dattijo ne riƙe da tutar Puerto Rico, shi ne ya yi ta min bayanin lissafin da ɗan Turancinsa. Ya ce tun 1948 suke zuwa Olamfik ba su taɓa jin taken ƙasarsu a kan dandamali ba. Monica ta ci zangon farko 6-4, Kerber ta rama 6-4, na ce shi kenan gogewa za ta yi halinta. Ina! A zango na uku yarinyar nan ta dinga dukan ƙwallo kamar ba ta san tsoro ba, tana auna kusurwa tana samu, har ta kai 5-0, filin ya ɗauki ihu suna rera waƙarsu da Sifaniyanci wai za a iya, za a iya, ni ma wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙarshen zangon ya ja sosai, hannunta ya ɗan fara rawa, Kerber ta ƙi sakewa, sai da ƙwallon Bajamushiyar ta fita waje Monica ta yar da raket ta durƙusa tana kuka. 6-1.

Da aka sa taken La Borinqueña dattijon nan bai iya rerawa ba, hawaye kawai yake yi ya riƙe hannuna.

Da daren muka samu labari Najeriya ta ci Denmark 2-0. Daga baya muka bi yaranmu Belo Horizonte suka ɗauki tagulla a kan Honduras, ranar kuma Alfaga na Nijar ya samu azurfa a takwando.

Monica ba ta sake cin wani kofi ba bayan Rio. Ciwon gwiwar hannu da na kafaɗa suka yi ta kai ta tiyata, a 2022 ta ajiye raket tana da shekara 28. Ranar da na ga labarin a waya na kira Yaya, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko tikitin nan yana nan. Yana cikin fasfona na wancan lokacin.