Bargon suna da kwatan inci

Yayata da ke Amurka ce ta jawo mini wannan aiki. Da ta zo hutu a watan Agusta, cikin tsarabar da ta ba ni akwai wani ɗan ƙunshi na ƙyallaye 42, kowanne inci 5 ta ko'ina, auduga zalla, zane kala-kala. Na ɗauka samfur ne irin wanda masu shago ke nuna wa mai saye. Ta yi dariya, ta ce a can haka ake sayar da su a yanke, don masu ɗinkin haɗe-haɗe su jera su yi bargo.

Mu kuwa a Jos bargo ba kayan ado ba ne. Duk wanda ya taɓa yin alwalar asuba a Unguwar Rogo cikin watan Disamba ya san abin da nake nufi. Ga ƙanwar maigidana da tsohon ciki, ana sa ran haihuwa a tsakiyar sanyin. Sai na ce to, gudummawar suna ta samu.

Tun ina sakandare nake taka keken Goggo, tsohon Butterfly mai feda, don haka ban ga abin wahala a haɗa murabba'i da murabba'i ba. Na jera su shida a kwance, bakwai a tsaye, na hau ɗinki da ido kamar yadda na saba. Abin da ban kula ba shi ne, mu masu ɗinkin riga da siket muna barin bakin yadi da yalwa, ko mai kayan za ta yi ƙiba a buɗa mata. Shi wannan ɗinki kwatan inci ake bari, ba ƙari ba ragi. Ƙyalle mai inci 5 idan ya ba da kwata ta kowane gefe zai koma inci 4 da rabi, layi mai guda shida ya tashi inci 27. Nawa wani layin ya kai 27, wani ya tsaya a 26, kusurwoyin kowacce ta kama gabanta. Goggo ta ɗaga shi a hasken taga, ta juya shi, ta ce, "Ke 'yar nan, bargo kike yi ko taswira?"

Kwana biyu na yi ina farke ɗinki da reza. Daga baya ita Goggon ce ta auna kwatan inci daga bakin allura, ta manna guntun kwali a kan farantin keken, ta ce in riƙa jingina bakin yadin da shi, in daina yarda da idona. Tun daga nan layukan suka daidaita.

Guga ma sai da na sake koyo. Ba a goga shi gaba da baya kamar rigar makaranta, don yadin miƙewa yake yi ya karkace. Dannawa ake yi a ɗaga. Bakin ɗinkin layi na farko a kwantar da shi dama, na biyu hagu, in an zo haɗa su sai su shige juna, kusurwa huɗu su haɗu cif. Ranar da babu wuta, dutsen guga na gawayi ya yi mini aikin, sai dai na shimfiɗa farin ƙyalle a sama saboda toka.

Da na gama, tsawonsa inci 31 da rabi ne kawai, ya yi wa jariri kaɗan. Na gangara Terminus, cikin shagunan da ke kewaye da babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, na sayo jar atamfa mai sauƙin kuɗi na yi masa baki. Na ciki kuma, wani zanen gado mai laushi na tsinto a gwanjon Katako, na wanke shi tas na sa a tsakiya. Gwanjon na wanke, sabuwar atamfar ban wanke ba. Ana saura kwana uku suna na jefa bargon a ruwa, ina kallo ruwan ya koma kamar zoɓo. Fararen ƙyallayen nan duk suka sha ja. Na yi ta sauya ruwa har dare, mafi yawa ya fita, amma farin bai dawo fari ba. Allah ya taimake ni mace aka haifa, mutane suka ɗauka da gangan na zaɓi launin. Ban ƙaryata kowa ba.

Yanzu kowane yadi zan haɗa, sai na yanki ɗan guntu na jiƙa a kofin ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle tukuna. Atamfa kuma sai an wanke gam ɗinta ya fita, don in za ta tsuke ta tsuke kafin ɗinki.

Yadin da Yaya ta kawo yana da daɗin aiki, saƙarsa a daidaice take, ba ya zamewa a ƙarƙashin allura. Amma ba zan zauna jiran tsaraba daga Amurka ba alhali telolin layinmu buhu-buhu suke zubar da ƙyallen atamfa. Da ƙyallen atamfar nan nake yin ƙananan kyaututtuka: 'yar jakar zif ta zuba carbi da turare, jakar littattafan Islamiyya, da matashin allura da na yi wa Goggo. Kwanan nan na koma kan wani salo da ake fara shi da ɗan jan murabba'i a tsakiya, a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. A Amurka sukan ce jan tsakiyar murhun gida ne. Na gama guda tara, saura bakwai. Da Goggo ta ji zancen murhun, cewa ta yi in dai na wanke jan, su kira shi duk abin da suka ga dama.